Kai wa Inna maigidanta

Tun ranar da aka ba yara takardar sakamakon zangon farko Inna ta fara kira. Ba ni take nema ba, ba kuma ɗanta ba. Da na ɗaga waya na gaishe ta sai ta ce, "Lafiya lau. Ina maigidana? Ba ni shi." Maigidan nata shekararsa biyar, takwaran surukina ne, shi ya sa muke ce masa Abba, ita kuwa bakinta ba ya iya kama sunan. Ina ji tana yi masa ƙorafi wai tun Babbar Sallah ya tafi ya bar ta ba cefane, in bai zo ba za ta kai shi ƙara wurin alƙali. Ya ajiye waya ya dube ni da gaske ya ce, "Mama, yaushe za mu je? Inna za ta kai ni kotu."

Mu a Unguwar Dosa cikin Kaduna muke zaune, iyayen mijina kuma suna wani ƙauye a bayan Maƙarfi. Da can kusan duk bayan wata biyu muna hanya. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 tafiyar ta koma sau uku a shekara: Sallah biyu da hutun Disamba. Ta Disamba na fi so, don babu cunkoson Sallah, babu ɗawainiyar ɗinki da kitso da lalle, kuma lokacin ne ake cikin aikin rake.

Tafiyar da ba ta wuce awa biyu da 'yan mintuna ba, shirinta kan ci mana mako guda. Mota ce farko, kuma aikin mijina Baban Ummi ne. Yakan kai ta wurin bakanikensa a duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto, in akwai abin saye su shiga kasuwar Fanteka. Daga nan sai wurin mai faci a gwada iskar tayoyi har da safaya. Wannan safayar ita ce abin da kowa ke mantawa. Akwai shekarar da taya ta yi mana faci kusa da Birnin Yero, aka fito da safaya aka tarar ita ma a kwance take, muka yi awa guda a bakin titi ina goye da Abba yana tsala ihu, har sai da wani mai babur ya ɗauki tayar ya kai faci ya dawo da ita. Tun daga ranar ni ce mai tambaya: an duba safaya? Jak yana ciki? Abin kashe gobara fa, da alamar nan mai kusurwa uku? Takardun mota ba su ƙare ba? Shi kuma ya ce, "Maman Ummi, ke da 'yan Rod Sefti ban san wanda ya fi wani bincike ba."

Tsaraba tawa ce. Nakan shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi in haɗo sukari da madara da ganyen shayi da sabulu da omo, da man zafi na gwiwar Inna, da turare da dabino na Baba Malam. Goro kuwa sai ana jibi tafiya ake saya, a naɗe shi da ganye a yayyafa ruwa, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da shi ya yamutse. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne tsarabar gida mai yawa ba a ɗaure ta dunƙule guda. Shekarar farko na kai komai a babban buhu na ajiye gaban Inna, ashe na ɗora mata aikin rabo da ciwon kai: wa za a ba sandar sabulu, wa za a ba rabi, wa zai ce an raina shi. Yanzu tun daga Kaduna nake ƙulla wa kowane ɗaki ledarsa, ta abokiyar zaman Inna daban, ta matan ƙannen mijina daban, ta Gwaggo daban, sannan in ware alawa da biskit na yaran gida, waɗanda duk yadda ka ƙidaya su sai ka tarar sun ƙaru da biyu.

Kayan yara ba su da wuya in ka san abin da kake gudu. Sanyin ƙauye ba irin na Kaduna ba ne, fili ne fetal ba abin da ke tare iska, don haka rigar sanyi da safa da hula kowa biyu-biyu, da man kaɗanya na kaushi da fason leɓe. Sai gidan sauro, ko da ana cewa hunturu ba sauro, don gidan yana kusa da fadama. Sai ƙaramar jaka da ba ta barin gefena: farasitamol na ruwa, garin haɗa ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc saboda gudawa, ma'aunin zafin jiki, famfas ɗin Auta, tsumma, ledoji, da kayan canji guda ga kowane yaro. Wannan jakar ba ta shiga but. Wanda ya taɓa sauke buhunan tsaraba a gefen titi yana neman wandon yaro a ƙasan kaya ya san dalili.

Mukan so fita ƙarfe bakwai, mu fita takwas da rabi. Ban ƙara ɓata raina a kan wannan ba, don ma a hunturu fitar sassafe ba dabara ba ce, hazo kan rufe titi har ka kasa ganin motar da ke gabanka. Abin da ba ma wasa da shi shi ne dare: ba ma fara tafiya bayan la'asar, zuwa ko dawowa. Kafin a tashi kowa ya shiga bayi, ko ya ce ba ya ji. Karin kumallo kaɗan, shayi da burodi, ba ƙwai ba wake.

Sai rigimar wurin zama. Ummi, 'yar shekara takwas, tana ganin ta isa zama gaba. Ƙa'idar hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ita ce yaron da bai kai shekara 12 ba baya zai zauna, kuma dalilin a fili yake: bel ɗin gaba an yi shi ne daidai jikin babba, a wuyan yaro yake faɗawa, jakar iskar nan kuma da ke fitowa a gaban mota in an yi karo, in ta fashe ƙarfinta ya fi ƙarfin ƙirjin yaro. Auta tana da kujerarta ta mota da muka samu a gwanjo. Ranar da Gwaggo ta fara ganinta ta riƙe baki ta ce, "Yanzu ɗan mutum ake ɗaurewa kamar akuya za a kai kasuwa, ga cinyar uwarsa?" Na yi dariya kawai. Amma na taɓa riƙe yaro a cinya aka taka birki da ƙarfi, na ji yadda ya kuɓuce mini kamar ba hannuna a jikinsa, ba na buƙatar wani ya ƙara yi mini bayani. Ni ma baya nake zama a tsakaninsu, gaba kuwa kular abinci ce ke hakimcewa.

Da mota ta tashi Baban Ummi zai ja addu'ar hawa abin hawa, "Subhanallazi sakhkhara lana haza wa ma kunna lahu muƙrinin," yara suna bi. Abba ya fi kowa ɗaga murya a ƙarshenta, don nan kaɗai ya riƙe da kyau.

Daga gida zuwa gadar Kawo ba nisa. Yara suna son sabuwar gadar, wadda aka buɗe a farkon 2022, Abba kan ce a sake zagayowa. Sai Rigachikun, mu wuce filin baje koli da cibiyar horar da malamai ta ƙasa, sai Mararrabar Jos inda tireloli da tankoki ke jere gefen titi, direba ya rage gudu ya buɗe ido saboda masu tsallakawa da 'yan acaɓa. Wanda ya bi hanyar nan a shekarun da ake aikinta, daga 2018 zuwa sama, ya san wuyar da aka sha lokacin da ake haɗe motoci a hannu ɗaya, mai zuwa da mai dawowa suna kallon juna. Yanzu daga Kaduna zuwa Zariya, kusan kilomita 80, titi ne sumul. Sai dai kyan titin ya zo da nasa, kowa ya mai da ƙafarsa kan totur. Aikina daga baya shi ne leƙen allon gudu in ce, "Baban Ummi, ba mu da mara lafiya a mota."

A wannan tafiyar, dab da Jaji Abba ya yi shiru. Duk uwa ta san irin shirun nan. Laifina ne, don tun daga Kawo yake damuna na miƙa masa waya yana kallon katun. Ido yana kan abin da ba ya motsi, can cikin kunne kuma jiki yana jin ana tafiya ana karkata, saƙon biyu suka saɓa, sai ciki ya juya. Kafin in zaro leda ya wanke mini zani da shayin safe. Ba a tsayawa barkatai a gaban barikin soja, sai da muka wuce shinge muka sami fili muka faka nesa da kwalta. Na wanke masa fuska, na canza masa riga, Ummi tana toshe hanci tana cewa ita dai ta shiga uku, Auta kuma ta ga abin ya yi mata daɗi tana tafi. Muka ba shi minti goma ya sha iska. Da muka koma na sauke gilashi kaɗan, na ce ya riƙa duban nesa, muka shiga wasan ƙidaya: shi tankokin mai, Ummi garken shanu. Waya kuwa ta koma jaka har muka isa.

A Zariya muke yada zango, wajen Ɗan Magaji ko Kwangila. Ranar da gari ya washe akan hango duwatsun Kufena, ranar kuwa hazo ya shanye su. A sha mai, a kai yara bayi, a sayi burodi mai zafi na ƙarawa a tsaraba. Daga nan sai hanyar Kano har Tashar Yari, mu karya mu nufi Maƙarfi. Tun daga nan za ka san ka shigo ƙasar rake: ga shi a tsaye a gonaki, ga shi ɗaure dami-dami a bakin hanya, ga a-kori-kura an lafta mata har tana rangaji. Bayan gari kwalta ta ƙare, sai burji da ƙura, a rufe gilashi, Auta ta farka da kuka saboda gargada. "Mun kusa?" da aka tambaye ni sau talatin, a nan ne kaɗai nake amsawa da gaskiya.

Ba a taɓa yi mana sallama a gidan nan ba, don kafin mota ta tsaya yaran unguwa sun riga sun kai labari. "Ga 'yan Kaduna! Ga 'yan Kaduna!" Baba Malam yana zaure kan buzunsa. Mijina ya cire takalmi ya durƙusa, ni na tsuguna daga bakin ƙofa na gaishe shi kaina a ƙasa, "Baba, mun same ku lafiya? Ya sanyi?" Ya amsa a taƙaice, ya sa mana albarka, hankalinsa duk yana kan Ummi. "A'a, amarya ce da kanta? Wannan karon dai ba za ki koma ba, na riga na biya sadaki." Ummi da ke da baki a Kaduna kamar rediyo sai ta ɓuya bayan babanta.

A cikin gida Inna ko kallon ɗanta ba ta yi ba, ɗan fari ne, gaisuwarsa ma a gefe take amsawa kamar da bango take magana. Ta kama Abba ta juya shi gaba da baya ta ce, "Haba maigida, haka suka bar min kai? Duk ka rame. Ba sa ba ka abinci ne?" Ta dubi Ummi ta ce, "Ke kuma kishiya, me kika zo yi? Ba na gayyace ki ba." Kalmar "ka rame" ta daɗe tana sukana a shekarun farko, har nakan kwana ina juya ta. Daga baya na lura ko yaro ya yi ƙiba kamar tulu haka za ta ce. Hanyar buɗe kwanon fura ce kawai.

Daga wannan lokacin yaran sun fita hannuna, kuma koyon yarda da hakan shi ne ya fi komai yi mini wuya a duk harkar. A Kaduna ina da dokoki: ba zaƙi kafin abinci, ba yawo ba takalmi, barci ƙarfe takwas. A gidan Inna kafin in gama shigar da kaya Abba ya yar da takalmi, yana bin 'yan'uwansa bayan akuya, hannu ɗaya rake ɗaya ƙuli-ƙuli. Da na buɗe baki sai Inna ta ce, "Ƙyale min miji. Ubansa ma haka ya tashi." Yaron da a gida sai an yi dambe yake cin abin da ba indomi ba, da daddare na same shi a tsakiyar yara biyar sun kewaye kwano ɗaya na tuwon dawa da miyar kuka, yana kai loma yana gadin gabansa kada a cinye.

Abu biyu ne kawai ban saki ba: ruwan sha da gidan sauro. Rijiyar gidan tana da daɗin ruwa, amma cikin yaran bai saba ba, mun taɓa dawowa da gudawar da ta kwantar da Ummi kwana uku. Sai dai ba ka shiga gidan surukai da jakar fiyawata ka ce 'ya'yanka ba sa shan ruwansu. Dabarar da na samu ita ce in tafasa ruwa da asuba lokacin da ake ɗora na wanka, in cika filas biyu, in ce saboda sanyi ne kada mura ta kama su. Inna ta gane sarai. Ba ta taɓa cewa komai ba, amma yanzu kafin in tashi nakan tarar ta riga ta tafasa ta rufe da faifai.

Washegari aikin gaisuwa ne, gida-gida, kuma ba a tsallake kowa. Tun a mota nake yi wa yara bita: a durƙusa, a ce "ina kwana," ba a miƙa wa babba hannun hagu, in an ba ku abu ku karɓa da hannu biyu. Duk da haka sai da Ummi ta gaida wata tsohuwa da Turancin makaranta, 'ya'yan Gwaggo, taubasanta, suka samu abin tsokana har muka tafi. Ta yi kuka ranar farko. Rana ta biyu na ji ta tana rama musu, tana ce musu bayinta.

Da yamma Baba Malam ya sa aka kai su inda ake mazarƙwaila, na bi su da sunan riƙon Auta, alhali ni ma ban taɓa gani da idona ba. Ana tura sandunan rake tsakanin ƙarafa masu juyawa, ruwan yana tsiyaya cikin mazubi, ɓawon yana fita ta ɗaya gefen a tara shi ya bushe ya zama makamashi. Baba Malam ya ce a zamaninsu doki ne ke zagayawa yana juya injin, yanzu mai wurin ya sa na dizal. Ruwan ake zubawa a wani faffaɗan kasko a kan wuta, ana kwashe kumfa ana juyawa, tun yana ruwa-ruwa kore har ya yi kauri ya koma ja, ƙamshinsa ya cika wurin. Sai a zuba a ƙananan kwanuka a jera, in ya huce a kife ya fito dunƙule. Mai juyawar ya ɗebo ɗan abin da ya kama a bakin kasko a kan ɓawon rake ya miƙa wa Abba. Ya lasa, ya zaro ido, ya ce, "Mama, ashe alawa a gona take fitowa!"

Da daddare ba wuta, sai fitilar sola guda a tsakar gida da garwashi a kasko. Inna ta tara su a ɗakinta ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Yaran gida suka amsa, "Ta zo mu ji ta," nawa suka yi zuru don ba su san ana amsawa ba. Wannan ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Ina daga ƙofa ina jin ta tana maƙale murya tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo yana yi wa Ƙoƙi ƙarya, har aka kai "ƙurunƙus". Dare na biyu muryar Abba ce ta fi ta kowa a wurin amsawa. Ranar a bayan Inna ya kwana, sai da na bi shi da gidan sauron na ɗaura a can.

Kwana uku muke yi, shi ya sa Baban Ummi ke yin ƙasaru in ba bin liman ya yi ba, tun da niyyar zaman ba ta kai kwana huɗu ba. Ranar komawa motar ta fi zuwa nauyi: rabin buhun masara, damin rake, mazarƙwaila, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, gyaɗa. Ba a cewa ya yi yawa. Mijina ya shiga ɗaki ya ajiye wa Inna abin da zai ajiye a ƙarƙashin filo, don in a hannu ya ba ta ba za ta karɓa ba. Baba Malam ya tara mu a zaure ya yi addu'a mai tsawo, ya tofa wa kowane yaro a ka. Inna ba ta rakiya zuwa mota, a bakin ƙofar tsakar gida take tsayawa tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Mun kai ƙofa sai ta aiko yarinya da budurwar kaza an ɗaure mata ƙafa, wai ta maigida ce, ya je ya yi kiwo ya riƙa aiko mata da kuɗin cefane. Na dubi Baban Ummi, ya dubi sama. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti. Haka muka huda kwali muka sa ta a ƙafar kujerar gaba, ta yi ta ƙorafi har Zariya, yara kuwa tun kafin Tashar Yari barci ya kwashe su, baki duk danƙon rake.

Mun shigo Kawo ana kiran la'asar. Na kira na ce mun sauka lafiya, Inna ta ce madalla, a ba ta maigida. Yana barci, na ce. Ta ce to in ya tashi a gaya masa kazar ba ta cin shinkafa, dawa take ci, ta sa a ƙulli a cikin buhun masara.